Mu uku ne muna son shiga gasar ICPC, dan Allah ta ina za mu fara atisaye?

Abba_CSC:

Assalamu alaikum yayyenmu da ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka san harkar. Ni ɗan aji biyu ne a sashen kimiyyar kwamfuta, mu uku muka haɗa tim da abokaina muna so mu shiga ICPC, gasar rubuta furogiram ta ɗaliban jami'o'i nake nufi, ba hukumar nan ta Abuja ba. A sashenmu ba mu ga wanda ya taɓa zuwa ba balle mu tambaye shi, duk abin da muka sani a intanet muka gani.

Matsalarmu ita ce mun ɗauko tambayoyin wata tsohuwar gasa muka ce bari mu gwada kamar da gaske, kwamfuta ɗaya kamar yadda dokar ta ce, to wallahi abin bai yi daɗi ba, ɗayanmu ya hau kibod ya maƙale a tambaya ɗaya ya ƙi tashi yana cewa saura kaɗan saura kaɗan, mu biyu muna zaune da amsar wata tambayar a kai amma babu inda za mu rubuta, har aka fara ɗaga murya. Kuma shi Python ya iya, mu biyun C++ muke ɗan taɓawa, to in ya rubuta nasa ba ma iya duba masa sosai.

Wane yare ya kamata mu tsaya a kai? A ina ake samun tambayoyin da suka yi daidai da mai farawa? Sannan ya ake raba kwamfuta ɗaya tsakanin mutum uku ba tare da an ɓata ba? Na gode, Allah ya saka da alheri.

tsohon_ɗan_gasa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗin ganin wannan tambayar sosai, kuma tun yanzu ina gaya maka abin da ya faru da ku shi ne ainihin gasar, ba wata matsala ce ta ku kaɗai ba. Da gangan aka ba mutum uku kwamfuta ɗaya na awa 5 da tambayoyi wajen 10 zuwa 13. Abin kamar lugude ne, taɓare uku turmi ɗaya, kowa sai ya san lokacin ɗagawa da lokacin saukewa.

Fara da fahimtar yadda ake lissafin maki domin daga nan dabarar take fitowa. Abu na farko yawan tambayoyin da kuka warware. In kun yi kunnen doki da wata tim sai a duba lokaci, kowace tambaya ana ƙirga mintin da aka karɓe ta tun daga fara gasa, sannan duk turawar da aka ƙi kafin nan tarar minti 20 ce, amma tarar ba ta hawa kanku sai in daga baya kun warware wannan tambayar. Misali kun ci tambaya a minti na 30 bayan an ƙi ku sau biyu, to 70 aka rubuta muku. Ka ga kenan in akwai tambaya mai sauƙi da za a rubuta a minti 10 kuma wani ya riƙe kibod na awa ɗaya yana fama da mai wuya, wannan awa ɗayar an ɗora ta a kan mai sauƙin ma da duk waɗanda ke bayanta a layi. Shi ya sa masu sauƙi ake fara kawarwa, ba dan tsoro ba, lissafi ne kawai.

Yadda muke yi a tim ɗinmu, da an ce a fara mutum ɗaya zai zauna ya buga shimfiɗar kod ɗin da kullum ake farawa da ita, sauran biyun su raba takardun, ɗaya ya karanto daga A zuwa gaba, ɗaya ya karanto daga ta ƙarshe zuwa baya, domin tambayoyin ICPC ba a jere suke daga sauƙi zuwa wuya ba, mai sauƙin tana iya ɓuya a K ko L. Kuma ku riƙa leƙa allon maki da balan-balan ɗin da ake ɗaura wa tebura in tim ta warware tambaya, kowace tambaya da kalarta, in kun ga ja ya cika ɗaki ku kuma ba ku karanta tambayar ja ba to ku ajiye komai ku karanta ta.

Doka ɗaya nake so ku rubuta ku liƙa a bango: ba a tunani a kan kibod. Wanda zai hau kwamfuta sai ya riga ya san abin da zai rubuta, ya faɗa wa ɗan uwansa dabarar a baki cikin minti biyu, in bai iya bayyana ta ba to bai gama fahimtarta ba. In aka tura aka ƙi, a buga kod ɗin a firinta ya koma gefe da biro ya nemi kuskurensa a takarda, na gaba ya hau. In ya gano sai ya ce a ba shi minti biyu ya gyara ya sauka. A gasa ana ba da damar bugawa, a gida kuma in babu firinta ku tura kod ɗin a wayarsa ya duba a can amma kar ya gudanar da shi. Ku yi wannan yarjejeniyar kafin a fara, lokacin da zuciya take sanyi, ku kuma zaɓi mutum ɗaya da in ya ce sauka za a sauka ba musu. Ba lallai ya zama wanda ya fi ku iya kod ba, gara ma wanda ya fi ku natsuwa.

Batun yare, C++ ku tsaya a kai ku ukun. An yarda da Java da Kotlin da Python, amma Python na da nauyin gudu, sau da yawa dabararka daidai ce sai lokaci ya ƙare maka. Abokinka ba sai ya koyi C++ gaba ɗaya ba, vector da map da set da sort da pair, wato kayan ajiyewa da jera bayanai da C++ ke zuwa da su, sun ishe shi ya fara. Babban dalilin ma shi ne wanda kai da kanka ka faɗa, sai kuna yare ɗaya za ku iya duba wa juna.

Ummi_kod:

Duk abin da yaya ya faɗa haka ne, ni ta ɓangaren atisayen kowa shi kaɗai zan ƙara, domin tim ba ta ɗaukar wanda bai yi nasa aikin ba.

Ku buɗe akawun a Codeforces, shafin atisaye da gasar rubuta kod, ku ukun yau ɗin nan. Ku shiga rumbun tambayoyi ku tace waɗanda aka yi wa maki 800, wato mafi sauƙi, in sun fara yi muku sauƙi ku hau 900, 1000 haka dai a hankali. Gasannin Div. 4 da Div. 3 na masu farawa ne, kuma yawanci ƙarfe 3:35 na yamma agogon Najeriya da Nijar ake farawa, ya kan ci karo da la'asar, to ka tashi ka yi sallarka ka dawo, ƴan mintunan nan ba su ne za su hana ka ci gaba ba. Kar kalar toka da shafin ke sa wa sunanka gwargwadon makinka ta karya maka gwiwa, a ƙasa da 1200 kusan kowa yake farawa, daga nan kore, a 1400 kalar ta sake canzawa, shuɗi sai 1600. Akwai kuma AtCoder na Japan, gasarsu ta masu farawa yawanci ranar Asabar ƙarfe 1 na rana agogonmu, minti 100 ce kawai kuma tambayoyinsu gajeru ne babu dogon labari, ni na fi son su ga wanda Turanci ke ɗan ba shi wahala.

In tsari kake so daki-daki to rumbun tambayoyi na CSES, wani malami a Helsinki mai suna Antti Laaksonen ya haɗa, tare da littafinsa Competitive Programmer's Handbook wanda kyauta ne, ka sauke shi sau ɗaya ka huta da ƙona data. Tambayar farko ma a can darasi ce, mutane da yawa nau'in lamba na int suke sawa a ƙi su, saboda int a 2,147,483,647 yake tsayawa, lambobin kuma suna wuce nan, sai da long long mai ɗaukar manyan lambobi. Wani abin da za ka saba da shi, kafin ka rubuta komai ka duba girman n, wato yawan bayanan da za a ba kod ɗinka. Kwamfutar alƙali mai gwada kod ɗinka tana yin aiki kusan miliyan 100 a daƙiƙa, to in n ya kai 100,000 kuma dabararka zagaye biyu ce ɗaya cikin ɗaya, biliyan 10 kenan, kar ma ka ɓata lokacin bugawa, koma ka yi tunani.

Amma abin da na fi so ka ɗauka daga maganata shi ne komawa kan tambayar da ta gagare ka bayan an tashi gasa. Mafi yawanmu da an gama sai a duba maki, a yi murna ko a yi tsaki, a rufe laftof. Alhali tambaya ta farko da ka kasa ita ce daidai inda iyawarka ta tsaya. Ka ƙara mata lokaci, in ta ƙi ka karanta bayanin amsar da masu gasar ke fitarwa, layi biyu uku na farko kawai, ka rufe ka sake gwadawa, in ka gane ka rubuta kod ɗin da hannunka har a karɓa. Wanda ke yin haka bayan kowace gasa sai ya wuce wanda ya tara tambayoyi masu sauƙi ɗari biyar yana jin daɗin ganin an karɓa.

Sannan dan Allah in kuna kafa ƙungiya a sashenku ku sa lokacin atisaye da rana. Ɗalibai mata da yawa suna so amma in aka ce ƙarfe 9 na dare a ɗakin kwanan maza an riga an cire su tun ba a fara ba.

Nas_webdev:

Ni dai gaskiya ra'ayina daban ne kuma ba dan in kashe muku gwiwa ba. Abba kana aji biyu, lokacin da za ka zuba a nan in ka zuba shi a koyon gina manhajar waya ko shafin intanet kafin ka gama makaranta ka fara samun ɗan abin kashewa. Na yi shekaru ina aiki babu ranar da wani ya ce in rubuta masa Dijkstra, dabarar nan ta nemo hanya mafi kusa. Kuma ku duba abin da ya faru a gasar ƙarshe ta duniya a Baku 2025, an gwada na'urorin AI a kan tambayoyi 12 ɗin, na OpenAI ya warware duka, Gemini na Google ya warware 10, jami'ar St. Petersburg da ta ci kofin 11 ta yi. To in inji na yin wannan mene ne amfanin yaro ya kwana yana haddar DP, wato dabarar adana amsoshin ƙananan matsaloli a haɗa babba? Ga tsadar data, ga ɗauke wuta ana tsakiyar gasa. Ni tausayin lokacinku nake ji.

Malam_Algo:

Salamu alaikum. Ina koyarwa a ɓangaren nan kuma na riƙe ɗalibai a irin wannan gasar, bari in sa baki.

Malam Nas, damuwarka gaskiya ce, yaro na bukatar abin da zai ci, kuma ba na cewa kowane ɗalibi sai ya yi gasa. Amma ban yarda cewa ɓata lokaci ba ne. Abin da nake gani a aji shi ne ɗalibi ya haddace ma'anar algoridim ya rubuta a jarrabawa ya ci A, ka ba shi matsala sabuwa ya rasa ta inda zai kama. A gasa babu rabin maki, babu malamin da zai tausaya ya ce ai ya yi ƙoƙari, ko kod ɗinka ya ci duk gwaje-gwajen da aka ɓoye ko bai ci ba. Yaron da ya saba da haka kafin ya ce ya gama zai tambayi kansa, in n ya zama 1 fa, in jerin babu komai a ciki fa, in lambobin suka yi girma fa. Wannan ɗabi'ar ita ce ake nema a wurin aiki ko da ba a ambaci sunan Dijkstra ba, kuma manyan kamfanonin fasaha da yawa irin waɗannan tambayoyin suke yi a intabiyu. Game da AI kuwa, yanzu da inji ke rubuta kod cikin daƙiƙa, wanda zai iya karantawa ya ce nan akwai kuskure, nan zai yi nauyi in masu amfani suka yi yawa, shi ya ƙara daraja. Ku kuma ɗalibai kar ku kuskura ku sa AI ya warware muku ana cikin gasa, Codeforces ta hana tun 2024, kuma ko ba a kama ka ba kanka ka cuta, ranar ICPC babu intanet babu waya, kai ne da takarda da ƴan uwanka biyu.

Abba, ga abin da ba wanda ya taɓo. Ba ku kaɗai za ku yi rajista ba, sai da koci, kuma a ƙa'ida malami ne daga makarantarku ke tsaya muku ya tabbatar ku ɗalibai ne, a shafin icpc.global ake yi. Ku je wajen malamin da ke koyar da tsarin bayanai ko algoridim, da ladabi, ku tafi da abin nunawa, wato akawun ɗinku na Codeforces da abin da kuka warware. Malami ya fi saurin amsa wa ɗaliban da ya ga sun riga sun fara. Akwai kuma iyaka, mutum ba ya wuce shekara 5 yana shiga gasar yanki, gasar ƙarshe ta duniya kuma sau 2 kawai, sannan akwai sharaɗin shekarun haihuwa da shekarar da ka fara jami'a, ku karanta na bana da kanku. Farawa daga aji biyu ya yi daidai, kuna da damar zuwa ku ga yadda abin yake, ku dawo ku gyara ku koma.

Hanyar kuwa hawa-hawa ce, daga matakin ƙasa zuwa gasar Afirka da ƙasashen Larabawa da ake kira ACPC wadda ake yi a Masar, daga can ake fitar da masu zuwa ta duniya inda tim wajen 140 ke haɗuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne sau biyu ana kawo gasar ƙarshe nahiyarmu a ƴan shekarun nan, Marrakesh ta Maroko a 2015 inda jami'ar ITMO ta Rasha da Gennady Korotkevich a cikinsu suka warware duka tambayoyi 13, sai Luksor ta Masar a watan Afrilun 2024, amma in ka duba masu wakiltar yankinmu jami'o'in Masar da Siriya da Jodan ka fi gani. Ba wai ƙwaƙwalwarsu ta fi ta yaranmu ba ce. A can ɗan aji huɗu ke koyar da ɗan aji ɗaya, kowace shekara ana gadar wa na baya tambayoyi da dabaru da littafin tim. Mu kuwa in aka samu yara uku masu ƙwazo suka gama suka tafi bautar ƙasa shi kenan an koma sifili. Saboda haka ina roƙonku tun yanzu ku jawo ƴan aji ɗaya ko da mutum shida ne su riƙa zama da ku.

Abba_CSC:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam ranka ya daɗe in sha Allahu za mu je wajen malaminmu na tsarin bayanai a satin nan. Yaya Nas na ji maganarka kuma ba zan bar koyon gina manhaja ba, zan raba lokacin. Anti Ummi mun buɗe akawun ɗin, abokina mai Python ma ya yarda zai koma C++ duk da dai da ƙyar.

Saura tambaya biyu. Littafin tim ɗin da Malam ya ambata mene ne a ciki? Sannan raba fanni fa, na ga wasu na cewa ɗaya ya ɗauki lissafi, ɗaya ya ɗauki giraf, wato tambayoyin ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su, ɗaya DP, haka ya kamata mu yi tun yanzu?

tsohon_ɗan_gasa:

Littafin tim takardu ne da ake barin ku shiga da su, a gasar duniya shafi 25 ne iyaka, a matakin ƙasa ku duba abin da masu shiryawa suka ce. Ana zuba kod ɗin da ke da tsawo ko saurin mantuwa, irin su bishiyar yanki-yanki ta tambayar jimla da mafi ƙanƙanta, haɗa rukuni na DSU, tankaɗen fitar da lambobin da ba sa rabuwa, lissafin saura da 1,000,000,007, da ɗan lissafin siffofi. Akwai na manyan jami'o'i a intanet kamar KACTL na KTH da ke Suwidin, ku duba ku ga tsari, amma kar ku buga na wani ku shiga da shi. Duk abin da ba ku taɓa warware tambaya da shi ba kar ya shiga littafinku, domin a minti na 250 hannu na rawa ba lokacin koyon kod ɗin wani ba ne.

Raba fanni kuma ku dakata tukuna. A matakinku tambayoyin da za su raba ku da sauran tim na tushe ne, jerawa, binciken raba biyu, tara jimla tun daga farko, dabarar ɗaukar mafi kyau a kowane taki, BFS da DFS na bin sassan giraf, da DP mai sauƙi, waɗannan dole kowa a cikinku ya iya. In kuka raba tun yanzu ranar da mai giraf ya maƙale babu mai taimaka masa. Nan gaba za ku ga da kanku wane ne ke jin daɗin lissafi wane ne hannunsa ya fi sauri da tsabta a kibod, sai rabon ya zo da kansa.

Abin da zan ce ku fara wannan Asabar ɗin, ku shiga sashen Gym na Codeforces ku zaɓi tsohuwar gasa mai tauraro biyu ko uku, na ƙasashen yankinmu suna nan da yawa, ku yi rajista a matsayin tim ku kunna ta kamar yau ake yinta, za ku ga allon maki na tafiya da ku kamar kuna ɗakin. Awa 5 cif, laftof ɗaya, wayoyi a jaka. Ku cika caji, ku sauke tambayoyin ku buga a takarda tun kafin a fara amma kar wanda ya leƙa, in so samu ne ku nemi wurin da ke da sola. Ku fara ƙarfe 8 na safe ku gama ƙarfe 1 kafin azahar. A awa ta ƙarshe ku daina duba allo, a gasar gaske rufe shi ake yi, kuma ku daina buɗe sabbin tambayoyi, ku ukun ku taru a kan ɗaya ko biyu da suka fi kusa. Bayan sallah da abinci ku zauna minti 30 ku rubuta wa ya hau kibod a wane minti, ya sauka a wane minti, wace tambaya aka makara ba a karanta ba. Ka kawo mana wannan takardar nan ranar Lahadi mu duba tare.

Ummi_kod:

In kun zaɓi gasar ka faɗa mana sunanta kafin Juma'a, zan gaya wa tim ɗin ƙannena su ma su kunna ta lokaci ɗaya da ku, sai ku gwada maki daga baya. Kuma ku tafi da ruwa da ɗan dabino, awa 5 da yunwa ba ta tafiya.